Kawunan kibiya na dutse daga Tenere: yaya ake gane na gaske, kuma da me aka sassaƙa su?

Ɗan Agadas:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana tarihin da ke cikinmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, ya daɗe yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma. Jiya muna kwashe kayan ɗakinsa sai muka tarar da gwangwanin madara cike da 'yan duwatsu masu tsini, siffar kan kibiya sak. Na ƙirga, guda 23 ne. Ga hoton huɗu daga ciki.

Na farko kore ne, tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba, siriri, gindinsa ya lotsa ciki. Na biyu ruwan ƙasa ne, yana da 'yar wutsiya a tsakiya da kunnuwa biyu, gefensa da haƙora kamar zarto. Na uku ya fi su girma da kauri, ya kai tsawon yatsana na tsakiya, wutsiyarsa kakkaura, kuma fuska ɗaya kawai aka yi wa aiki. Na huɗu fari ne fat, kaifinsa kamar reza.

Innarmu ta ce na aradu ne, kada mu yi wasa da su. Wani abokina kuma ya ce yara ne ke yin su suna sayar wa Nasara masu yawon buɗe ido. Don Allah a warware mini.

Uwargida Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Mu ma akwai irinsa a gidanmu, sai dai namu baƙi ne, sumul, kamar bakin gatari. Kakarmu gatarin aradu take ce masa, ta ce inda tsawa ta faɗi ake tsintarsa.

Malama Kufai:
Allah ya gafarta masa, ya sa can ta fi nan. Ƙanena, abin da mahaifinku ya bar muku ba ƙarami ba ne. Ina koyar da ilimin tonon kayan tarihi a Zariya, kuma na daɗe ina jiran wani ya kawo wannan zance zauren nan.

Bari in fara da maganar Inna, don ba ita kaɗai ke da wannan fahimta ba. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna cewa duwatsun tsawa ne. Abin da tsawa ke bari idan ta faɗa kan yashi daban yake: tana narkar da yashin ya zama wani bututu mai rami a ciki, wajensa kaushi, cikinsa santsi kamar gilashi, kuma ana samunsa a Sahara. Ba ya da tsini, ba ya da kunne. Na gidan su Uwargida gatarin dutse ne na mutanen dā, wanda aka yi ta gogawa a kan wani dutse da yashi da ruwa har ya yi sumul. Naku kuwa ba gogawa aka yi ba, ɓallewa aka yi.

Ga yadda ake gane hannun mutum. Ƙanƙara, wato dutsen da ake ƙyastu da shi, da 'yan'uwanta, ba sa tsagewa a miƙe kamar itace. Suna fashewa ne kamar gindin kwalba. Idan aka buga gefen dutsen da gangan, ɓallin da ya fita yana ɗauke da shaida a cikinsa: a sama akwai ɗan fili inda bugun ya sauka, ƙasa da shi akwai ɗan kumburi kamar cibiya, daga nan sai layuka masu lanƙwasa suna bin juna, irin zoben da ruwa ke yi idan an jefa tsakuwa a tafki. Dutsen da zafin rana ko wuta ya fasa ba ya da filin bugun nan, sai dai ka ga wani ɗan faifai ya ɓalle daga tsakiyar fuska ya bar rami kamar kasko. Sannan a kan kibiya da aka gama, za ka ga tabon ƙananan ɓallaye sun jeru daga gefe suna shiga tsakiya, a fuska biyu, dama da hagu sun daidaita. Iska da ruwa ba sa jera tabo.

Ɗan Agadas:
Na gode Malama. Na duba da fitilar waya, wallahi layukan suna nan a jikin na ukun, har da cibiyar. To shekarunsu fa?

Malama Kufai:
A nan ne abin ya fi daɗi, domin gwangwanin ya haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Na farko, koren nan mai lotsattsen gindi, da na biyu, sun yi kama da aikin mutanen da masana ke kira da sunan Tenere kanta, wato hamadar da ke gabas da Agadas. Sun rayu daga kimanin shekara 7,200 zuwa 4,500 da suka wuce, lokacin da wurin da motar mahaifinku ke kafewa a yashi yake da tafkuna da ciyawa. Suna kiwon shanu, suna farauta, suna kamun kifi. An yi bincikensu a Adrar Bus, gefen tsaunukan Abzin, inda ayarin Desmond Clark ya yi aiki a 1970. Koren dutsen nan alamarsu ce, daga gefen Abzin suke samo shi, suna kai shi nesa.

Wurin da ya fi ba da labarinsu shi ne Gobero. A 2000 ne ayarin Paul Sereno na jami'ar Shikago, da suka fito neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin mutum, suka yi kiciɓis da maƙabarta mai kusan kabari 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Al'umma biyu ne suka zauna wurin. Na farkon, daga kimanin shekara 9,700 zuwa 8,200 da suka wuce, dogaye ne, masu kama giwan ruwa da zago na ƙashi, kuma ƙananan ɓallaye suke amfani da su. Fari ya kore su, wurin ya yi kusan shekara dubu ba kowa, sannan masu koren dutse suka zo. A wani kabari nasu an sami mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwa a sarƙe, tare da kawunan kibiya masu lotsattsen gindi irin naka na farko. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai hoton nan ajin kan yi tsit.

Na uku kuwa kakan kakanninsu ne. Kaurinsa, da wutsiyar, da aikin fuska ɗaya, sun dace da wata tsohuwar sana'a da aka sa wa sunan Bir el Ater ta Aljeriya. Ita shekarunta ana maganar dubu goma-goma ne, ta ƙare tun fiye da shekara 20,000 da suka wuce. An same ta a Adrar Bus, an same ta a Segedin ta Kawar, wato arewa da Dirku, yankin da mahaifinku ke zuwa. Kuma wannan ba kan kibiya ba ne. Ya yi wa kyauro nauyi. Bakin mashi ne, ko wuƙa da aka ɗaure wa ƙota.

Na huɗun ina da shakka a kansa, zan dawo gare shi.

Baba Maharbi:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini. Na yi shekara arba'in ina riƙe baka. Na kalli hoton na biyu, kunnuwan nan irin namu ne na ƙarfe, wanda maƙeri ke yi don kibiya ta shiga ta ƙi fita. Wannan na yarda. Amma 'yata Malama, ɗan mitsitsin koren nan me zai kashe? Wannan ai na tsuntsu ne, ko na yara masu koyon harbi.

Mai Ƙyastu:
Baba, ranka ya daɗe, a yi mini izini in amsa. Ni ɗalibi ne a Yamai, kuma shekara uku ke nan ina koyon ɓallar dutse da hannuna. Ƙaramin nan shi ne kibiyar gaske. Kai da kanka ka san idan kai ya yi nauyi kibiya kan sunkuya ta faɗi kafin ta isa. Siririn kai mai kaifi yana ratsa fata ya wuce tsakanin haƙarƙari ya isa huhu, gada ko barewa ba ta wuce wannan. Bakin ɓallin da aka fitar yanzun nan ya fi wuƙar mahauci kaifi, tabon da ke tafin hannuna shaida ne. Aibinsa ɗaya, idan ya ci karo da ƙashi ko dutse sai ya karye.

Tunda Ɗan Agadas ya tambayi yadda ake yi, ga yadda na koya. Ana fara da uwar dutse, dunƙule kamar mangwaro. A nemi gefen da ya yi kusurwa mai ɗan kaifi, domin idan gefen mulmulalle ne bugu ba ya cin komai. A ɗauki tsakuwar rafi mai tauri a buga kusa da baki, ba a tsakiya ba, sai ɓalli ya fita ta ƙasa. Cikin ɓallayen a zaɓi mai faɗi, siriri, wanda bai lanƙwashe ba. A rage masa kauri da bugu mai taushi, da ƙashi ko ƙaho ko itace mai tauri, don su suna fitar da ɓalli mai faɗi mara kauri.

Daga nan babu sauran bugu, sai dannawa, kuma a nan gwaninta take. Ka shimfiɗa fata a tafin hagu ka ɗora dutsen. Ka goga bakinsa kaɗan a kan dutse mai kaushi don ya dakushe, in ba haka ba zai rugurguje a ƙarƙashin matsi. Sai ka ɗora tsinin ƙashi ko ƙaho a bakin, ka tura ciki da ƙarfi, sannan ka karkata ƙasa. Za ka ji ƙas, wani ɗan siririn ɓalli kamar ɓawon kifi ya fita daga fuskar da ke ƙasa. Ka matsa kaɗan ka sake. Ka gama layi, ka juya, ka yi ɗaya fuskar. Kowane tabo yana zama hanyar da na gaba zai bi, shi ya sa suke jeruwa. Haƙoran zarton nan na hoto na biyu, dannawa ɗaya-ɗaya ce da tsini siriri, ana tsallake wuri. Kunnuwa da wutsiya su ne ƙarshe, kuma su suka fi karya zuciya, don sau da yawa kana dab da gamawa kunne ɗaya ya ɓalle. Wanda ya koya mini yana gama ɗaya cikin minti 20. Ni sai na ɓata uku kafin in sami ɗaya.

Duk mai son gwadawa ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, ya kare idonsa, ya kwashe ɓarɓashin kada yaro ya taka.

Baba Maharbi:
To, yaro ya yi magana mai ma'ana, batun nauyi gaskiya ne. Amma da me suke ɗaure shi? Namu wutsiyar ƙarfe ce doguwa, a cusa cikin kyauro, a naɗe da jijiya, a shafa dafin kwankwani. Dutse mai lotsattsen gindi ina zai kama?

Mai Ƙyastu:
Baba, mai wutsiya kamar naku ne, cikin kyauro take shiga. Mai lotsattsen gindi kuwa bakin sandar ake tsagawa, a zura dutsen cikin tsagar, lotsin ya zauna daram a kan itacen. A liƙe da danƙon itace, a naɗe da jijiya tana jiƙe, idan ta bushe ta ƙara matsewa.

Akwai mutumin da ya zo mana da kayan aikinsa cif. A 1991 aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙarar sanyi a tsaunukan da ke iyakar Italiya da Ostiriya, ana ce masa Otzi, ya mutu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. Kwarinsa na da kibau 14, biyu ne kawai aka gama, da kan ƙanƙara, an liƙe su da wata kwalta da ake dafawa daga ɓawon bishiya, an naɗe da zare. Har abin dannawarsa yana nan: guntun itace kamar fensir da aka dasa wa tsinin ƙaho a tsakiya. Sai a 2001 hoton asibiti ya nuna wani kan kibiya maƙale a kafaɗarsa ta hagu. Ƙanƙarar sanyi ta adana shi, ƙanƙarar dutse ta kashe shi, kalma ɗaya ce a bakinmu.

Ɗan Gadarif:
Gaisuwa daga Sudan. A Jabal Sahaba, arewacin ƙasar nan kusa da Wadi Halfa, an tono maƙabarta ta kimanin shekara 13,000, mutum kusan 60, kuma da yawansu an sami gutsattsarin dutse a cikin ƙashinsu. Baba ya kwantar da hankali, dutse yana kisa.

Hajiya Mazauniyar Ingila:
Malama, sannu da ƙoƙari. Na taɓa kai yarana wani wuri a gabashin Ingila, Grimes Graves, inda mutanen dā suka haƙa ramuka fiye da 400 cikin farin alli kimanin shekara 4,500 da suka wuce, suna neman baƙar ƙanƙara mai kyau da ke can ƙasa. Da ƙahon barewar ƙasarsu suka yi haƙar, kuma ana sauka cikin ɗaya daga ramukan. Kusa da wurin akwai garin Brandon, inda aka yi sana'ar ɓallar ƙanƙarar bindiga, ana kai wa har Afirka ta Yamma. Ƙurar dutsen ta cinye huhun masu sana'ar da yawa tun suna da sauran ƙarfi. Mai Ƙyastu, ɗana, ka riƙa rufe hancinka.

Ɗan Jado:
Ni fa duk wannan dogon bayani ban ga abin mamaki ba. Na je haƙar zinariya Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014. Akwai wuraren da idan ka sauka daga mota, taku goma ba ka yi ba sai ka ga irin waɗannan a ƙasa, da tsingaro, da duwatsun niƙa. Mun cika aljihu, mun sayar a gari mun sha shayi. Ɗan Agadas, ka nemi mai saye ka karɓi 'yan jikkunanka ka yi wa Baba sadaka. Dutse ne a yashi, ba na kowa ba ne.

Malama Kufai:
Ɗan'uwa, ban raina wahalar da ta kai ka Jado ba. Amma abin da ka gani a ƙasan nan gida ne. Inda dutsen niƙa yake nan mata suka zauna, inda ɓarɓashi ya taru nan wani ya zauna yana dannawa kamar yadda Mai Ƙyastu ya kwatanta. Dutse ba ya karɓar gwajin kabon, wato gwajin da ake gane shekarun abu da shi. Abin da ake gwadawa shi ne gawayi ko ƙashin da ke kwance tare da shi. Shekarun da na faɗa a sama duk daga nan suka fito, daga wuraren da aka tarar da kibiya tare da maƙwabtanta. Ranar da ka ɗauke ta ka sa aljihu, ka raba ta da abin da zai faɗi shekarunta har abada. Kuma Nijar tana da doka tun 1997 da ke kare kayan tarihi, Najeriya ma tana da tata tun 1979. Saye da sayar da su da fitar da su waje ba abin da aka bar wa kowa ba ne.

Ɗan Jado:
Doka a Yamai take, yunwa a daji. Kuma idan ni ban ɗauka ba na bayana zai ɗauka. Masanan nan naku sau nawa suke zuwa can?

Malama Kufai:
Ba sa zuwa yadda ya kamata, wannan gaskiyarka ce, hanya da tsaro da kuɗi duk sun tare su. Shi ya sa irinku masu zuwa kuka fi mu amfani. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto, tana nuna lambobin wuri. Hoto ɗaya na abin yana kwance a mazauninsa, da takalmi ko kwalin ashana a gefe don a gane girma, ya fi mana cikin buhu.

Ɗan Jado:
Hoton ba wuya. Sauran maganar kuma kowa da inda takalmi ke matsa masa.

Ɗan Borno:
Malama, mu a Najeriya ba mu da irin wannan ne, sai Nijar?

Malama Kufai:
Kuna da shi a ƙofar gida. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, masu bincike daga jami'ar Frankfurt da ta Maiduguri sun tono matsugunan kimanin shekara 3,800, da kawunan kibiya na dutse da tsinayen ƙashi. Kuma ka san ƙasar wajen ba dutse, daga nesa aka riƙa kawo shi. A Rop, kan tsaunin Jos, Bernard Fagg ya tono ƙananan ɓallayen farin dutse a 1944.

Yanzu na huɗun. Ɗan Agadas, abin da ya kwanta dubban shekaru a fili, yashi yana goge masa ƙashin baya. Tsakanin tabo da tabo sai ya yi laushi a hannu, jikinsa ya yi wani sheƙi kamar an shafa mai, sau da yawa fuskar da ke sama ta fi ta ƙasa. Naka fari ne ƙal, kaifi kamar na jiya. Abokinka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ana yin na jabu, kuma ba yau aka fara ba. A Ingila ta ƙarni na 19 akwai wani Edward Simpson da ya yi suna wajen ɓallar sababbi yana sayarwa har ga gidajen tarihi.

Mai Ƙyastu:
Malama, a gafarce ni, a nan ina ganin kada mu yi saurin yanke hukunci. Wanda ya binnu cikin yashi ko laka, iska ba ta taɓa shi ba sai kwanan nan da tudun ya matsa, yana fitowa da kaifinsa. Kaifi kaɗai ba ya kama ɓarawo. Yaya Ɗan Agadas, ka ari gilashin masu gyaran agogo ka duba ƙarshen kowane tabo. A sabon aiki akwai 'yan farare-fararen ɓarɓashi da suka tsage amma ba su faɗi ba, suna maƙale kamar farce. A tsoho sun daɗe da zubewa. Ka duba kuma ko akwai zanen ƙarfe a baki, don masu yin na sayarwa da ƙusa suke dannawa. In kuma ka ga ƙananan kumfa a cikin jikinsa, kwalba ce.

Malama Kufai:
Ka yi daidai, na karɓi gyara. A duba tukuna.

Ɗan Agadas:
Na je wurin mai gyaran agogo na unguwarmu da la'asar. Ɓarɓashin da Mai Ƙyastu ya faɗa suna nan birjik a jikin farin, har da wani ɗan layi mai launin toka a kusa da kunne. Sauran ukun ba su da ko ɗaya. Ina jin Baba ya saye shi ne a tasha ya haɗa da nasa. Na kuma ga biyu a cikin gwangwanin da tsininsu ya karye, da wani dogon tabo da ya taso daga wurin karayar ya gangaro baya.

Mai Ƙyastu:
Waɗannan biyun ka riƙe su da kyau. Irin wannan karayar daga gaba take zuwa, lokacin da kibiya ta daki abu mai tauri da gudu. An harba su ke nan.

Malama Kufai:
Kada ka wanke su, kada ka shafa musu mai, kada ka bar su suna gogar juna cikin gwangwani. Kowanne ka naɗe shi a takarda daban, ka sa lamba da fensir a kan takardar. Sannan ka nemi duk wanda ya yi tafiya da mahaifinku, ka tambaye shi inda suke yada zango. Ko sunan rijiya ɗaya aka tuna, ka rubuta. Daga nan ka tuntuɓi cibiyar binciken ilimin ɗan'adam ta jami'ar Abdu Mumuni, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai.

Ɗan Agadas:
Yaron motarsa na farko yana nan da rai, ya tsufa, amma hankalinsa garau. Na kira shi yanzu. Ya ce ya tuna ranar da suka tsinci korayen, wata taya ce ta fashe musu kwana biyu kafin Dirku, suka yini a gindin wani tudu, Baba yana yawo yana tsinta. Ya ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci da takarda da biro, zai zana mini hanyar.

Baba Maharbi:
In ka je ka gaishe shi. Kai kuma Mai Ƙyastu, akwai busasshen kyauro da jijiyar sa a wurina. Ka aiko mini da biyu daga cikin naka sababbi, irin koren nan ƙarami, in ɗaura da hannuna in gwada a jikin kabewa.